Lalle Yana Kwana, Baba Ba Ya Kwana

Tun bai cika talatin ba furfura ta yi wa Mai Fenti sallama, kuma ba ta jira an ce ta shigo ba. Gadon gidansu ce. Ta fara daga gefen kunne, ta haura tsakar ka, ta gangaro gemu, kafin ya kai arba'in kansa ya yi fari fat. A garejin da yake aiki ba mai kiran sunansa na yanka. Baƙi su ce Mai Fenti, abokan aiki su ce Auduga. Abin bai taɓa damunsa ba. In an tsokane shi sai ya shafa kan ya ce ai farin fenti ma saye ake yi, shi kuwa kyauta ya samu.

Feshin mota ne aikinsa, kuma ya iya. Rumfarsa tana can ƙarshen garejin, an kewaye ta da tsofaffin kwanon rufi saboda iska, ƙasanta ta sha launi har ba a san asalin kalarta ba. Da ido ya yi suna. A kawo motar da rana ta ci shekara goma, ƙofa ɗaya ta lotse, sai ya tsaya ya dube ta, ya koma cikin gwangwanayensa, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan, ya juya da tsinke, ya shafa a bayan murfi ya kara da jikin motar. In ya gama, mai motar da kansa sai ya tambayi wace ƙofar ce aka taɓa. Yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa: aikin gobe tun yau ake haɗa shi. Kafin ya tashi da yamma ya tace fenti ya rufe, ya liƙe gilasai da tsohuwar jarida da tef, ya jera komai a mazauninsa. Yakan ce wanda ya zo da safe yana neman murfin gwangwani ba ma'aikaci ba ne, ɗan kallo ne. Shekara talatin da wani abu wannan ƙa'ida tana ci da shi. Ita ce kuma ta kayar da shi, amma za mu zo wurin.

'Ya'yansa uku ne maza, duk sun kawo ƙarfi, biyu sun yi aure, babban har ya haifi biyu. Ana nan sai matarsa ta kama laulayi. Ita ta ce shekaru ne, shi ya ce ciwon shawara ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe, sai da aka je asibiti aka ce ciki ne wata huɗu. Tana da arba'in da biyar, shi yana da hamsin da uku. Suka fito daga ɗakin likita ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa, har suka isa gida.

Labari bai kwana ba ya isa gareji. Akwai wani bakanike da ake kira Sifana, abokinsa tun suna samari, mutum ne da bakinsa ba shi da birki. Daga ƙarƙashin mota ya ɗaga murya:

"Auduga! Ashe bodi ne kawai ya tsufa, injin yana nan daram!"

Gareji ya ɗauki dariya. Mai Fenti ma ya yi dariyar, amma ta ciki na ciki. Kunya yake ji. Kunyar 'ya'yansa, kunyar surukansa, musamman ranar da matar babban ɗansa ta zo barka da nata goyon a baya, ta karɓi jaririyar tana cewa ga ƙanwar mijina. Shi ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya fita ya tsaya yana goge babur ɗin da ba shi da ƙura.

Amma fa kada a yi masa ƙarya, ya so yarinyar nan fiye da yadda ya san ana son abu. Auta ake ce mata. Tun tana rarrafe take kama ɗan yatsansa manuni, wanda farcensa ba ya rabuwa da fenti. Da ta fara magana, kullum ya dawo sai ta duba farcen ta ce, "Baba, yau jar mota ka yi," ko "Yau shuɗiya ce." Ba ta taɓa kuskure ba.

Matsalar a waje take. Duk inda ya je da ita, asibiti ne, kanti ne, bakin titi ne, sai wani ya washe baki ya ce, "Baba, jikar ce? Allah ya raya." Da farko yana gyarawa, ya ce 'yata ce. To amma gyaran ma da nasa haraji, don da ya faɗa sai mutum ya dubi farin kan, ya dubi yarinyar, ya yi wani murmushi da ya fi zagi ciwo. Ranar da ya kai ta makaranta karon farko, tana da shekara biyar, ya tarar da layi na iyaye matasa, wasu sa'o'in 'ya'yansa, kowa da waya a hannu. Malamar da ke karɓar yara ta ɗago daga rajista ta ce, "Sannu Baba, jikarka ce?" Mutane na bayansa, rana ta yi, ya gaji. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "E," don dai a wuce wurin. Kafin ya tayar da babur ya manta ma an yi.

Shekara huɗu yana kai ta a babur kowace safiya, ya sauke ta nesa kaɗan da ƙofa, ya juya. Wata Talata ya kai rabin hanyar gareji sai ya ga gorar ruwanta a rataye a kan babur. Ya juya. Ba a buga ƙararrawa ba tukuna, yara na ta guje-guje a fili, ya hango ta cikin ƙawayenta. Wata 'yar doguwa ce ta fara ganinsa.

"Ke, ga kakanki ya dawo!"

Ya tsaya yana jiran ya ji ta gyara. Auta ta taho da gudu ta karɓi gorar, ta dube shi ido cikin ido, da murya sarai yadda kowa zai ji ta ce:

"Na gode, Kaka."

Ta juya ta koma.

Bai san yadda ya isa gareji ba. Ranar ya haɗa kalar wata mota sau uku tana ƙi, abin da bai taɓa faruwa ba. Da yamma ya koma gida, Auta ta tare shi da "Baba sannu da zuwa", ta kama yatsansa ta ce yau toka-toka ce, kamar ba ita ba. Wato a gida Baba ne, a waje Kaka. Wato yarinyar nan kunyarsa take ji. Bai yi fushi da ita ba, ko kaɗan. Da ya dubi madubi ya ga abin da ƙawayenta ke gani, sai ya ga ai tana da gaskiya.

Ranar Alhamis ta kawo takarda. Litinin mai zuwa za a yi taron iyaye, za a ba da kyauta ga waɗanda suka yi fice, kuma ita ce ta ɗaya a lissafi. Za a kira yaro, uba ko uwa ya fito ya tsaya tare da shi. Uwar ta ce ita ƙafarta ba za ta iya zaman taro ba, babanki zai je. Auta ta yi shiru, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin siket ɗinta. Shirun nan ne ya yanke masa shawara. Yana so ya tsaya kusa da 'yarsa a gaban mutane a matsayin ubanta, ba tare da ta ji kamar ta nutse ba.

Baƙin rini na kwalba ba zai yiwu ba. Shekarun baya Sifana ya taɓa shafa shi, fuskarsa ta kumbura, idanunsa suka rufe kwana uku, kuma duk garejin ba wanda ya kai Mai Fenti yi masa dariya. Har wa'azi ya yi masa, wai wanda ya shafa baƙi a ka ya raina Wanda ya ba shi fari. Yanzu da wane baki zai shiga kanti ya ce a ba shi? Sai ya tuna da yayarsa, wadda mata ke zuwa gidanta tana yi musu lalle a barandarta. Ita kaɗai ta rage a duniya da ke kiransa Ƙarami, yana da shekara sittin da biyu.

Ya same ta tana tankaɗe gari a faranti. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka yi maganar zafi, aka sake tambayar yara. Can ya yi gyaran murya.

"Yaya, wani abokina ne yake tambaya. Wai ko akwai abin da ake sa wa furfura, wanda ba na kwalba ba."

Ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Abokin naka har gemu zai yi, ko kai kaɗai?"

Ta bar shi ya zaɓi kan da take nufi.

"Har gemu," ya ce a hankali.

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli biyu, duka koren gari, ɗaya ya fi ɗaya duhu.

"Wannan lalle ne, ka san shi. Wannan kuma baba ne, ganyen da marina ke yin shuɗi da shi. Ka ga sunanku ɗaya, sai ku ji da juna. Lalle shi kaɗai a kan farin gashi ja zai ba ka, ja wur. Sai ka wanke ka ɗora baba a kai, shi ne zai mayar da jan baƙi."

Fuskar Mai Fenti ta washe.

"Au, wato fentin ƙasa da fentin sama."

"Kai ka san wannan."

To daga nan fa kunnensa ya rufe. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne: da ya ji abin ya yi kama da aikinsa, sai ya ɗauka ya gama ganewa. Ga shi kuma wasu mata biyu sun yi sallama sun zauna a tabarma, suna kallon dattijo da ƙullin lalle a hannu. Yaya tana ta bayani, a kwaɓa lalle da ruwan shayi mai kauri da lemon tsami, a rufe, baba kuwa ruwan ɗumi ne da ɗan gishiri, shi ko idonsa yana kan ƙofa. Ya cusa ƙullin a aljihu ya miƙe. Ta biyo shi da murya:

"Ƙarami! Lalle yana kwana, baba ba ya kwana. Ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Bai ji ba. Abin da ya shiga kunnensa kawai akwai kwana a cikin maganar.

Ranar Asabar da yamma, bayan kowa ya watse, ya wanke gwangwani biyu tas. Ya kwaɓa lalle a ɗaya, ya kwaɓa baba a ɗaya, ya juya su har ba gudaji, ya rufe ruf. Aikin gobe tun yau ake haɗa shi. Ya kai su gida cikin leda ya ɓoye bayan durom ɗin ruwa a banɗaki, yana sanɗa a gidansa kamar wanda ya shigo sata.

Lahadi da hantsi matarsa da Auta suka tafi gidan babban ɗansa wuni. Ya ce shi kansa ke ciwo. Suna fita ya sa sakata. Ya kawo madubin gefen mota da ya taho da shi, ya rataye shi daura da na banɗaki don ya ga ƙeyarsa. Sannan ya yi abin da ya saba yi wa gilashin mota: ya bi goshinsa da tef, ya zagaye kunnuwa, ya bi kumatu da ƙasan leɓe, layi a miƙe ba karkata. Ya sa leda a hannu, ya ɗauki ƙaramin buroshi ya shiga aiki, sashe-sashe, daga tushe zuwa baki. Gaskiya in don tsabtar aiki ce, ko Yaya sai ta sara masa. Ya naɗe kan da leda, ya ɗaure gemun da wata, ya kifa bokiti ya zauna.

Awa huɗu yana zaune. Lalle yana ɗiga ta bayan wuyansa, warin ɗanyen ganye ya cika ɗakin. Wani maƙwabci ya zo ya yi ta buga ƙofa yana sallama, Mai Fenti ya ɗauke numfashi kamar mai gida ne ya zo ya kama shi. Ya tuna wa'azin da ya yi wa Sifana, ya ji kunya ta lulluɓe shi shi kaɗai a cikin banɗaki, inda ba mai ganinsa.

Da ya wanke, kai da gemu suka fito ja wur, jan da ya fi kusa da ruwan lemo. Bai tsorata ba. Fentin ƙasa dama ba a yi shi don kallo ba. Ya buɗe gwangwanin baba, ya tarar wata yana mai sheƙi, shuɗiya har ta yi baƙi, ta kwanta a sama. Hannunsa bai yi shawara da shi ba: ya sa cokali ya yaye ta ya zubar, yadda yake yi wa fentin da ya kwana. Bai san cewa launin ke nan ya fito ya gama aikinsa a cikin gwangwani ba. Abin da ya rage dusa ce. Ya shafa dusar nan da kyau, ya naɗe, ya koma kan bokiti awa biyu.

Ya wanke. Ja. Ya goge madubi da hannu ya sake dubawa. Ja dai, sai ɗan dabbare-dabbare kalar gansakuka nan da can. Ya kwashe sauran ya sake shafawa, ya jira, ya wanke. Ko gezau. Ya sa sabulu, ya sa garin wanki, ya matse lemon tsami har fatar kansa ta fara raɗaɗi. Har kwalbar tina, ruwan da yake sirka fenti da shi, ya ɗauko, ya buɗe ya shinshina, Allah ya taimake shi ya mayar. Da ya ɓare tef ɗin abin ya ƙara muni, don jan ya tsaya a kan layi ɗoɗar, kamar da abin awo aka ja shi. Girarsa kuwa, da ya manta da ita, tana nan fara sol.

Ya kira Yaya a waya.

"Yaushe ka kwaɓa baban?" ta ce.

"Jiya da yamma."

"Ka kwanar da shi? Ƙarami! Ba na ce maka baba ba ya kwana ba? Ana kwaɓawa ake shafawa. In ya jira, ya mutu."

"To ki ba ni wani."

"Shi ke nan wanda nake da shi. Mai kawo min sai sati na sama." Ya ji tana danne dariya. "Garin gyaran gira ka tsone ido. Ka gaishe min da abokin naka."

Dab da magariba matarsa da Auta suka dawo. Ya zare sakata ya koma banɗaki da sauri, ya ɗauki reza. Kan zai iya askewa. Gemun ne, wanda bai taɓa sa masa reza ba tun yana saurayi, ya tsaya yana kallo. Matar ta leƙo don ta tambayi ciwon kai. Ta dube shi, ta dubi gwangwanaye da tef da madubin mota, ta ce, "La ilaha," sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zame ta zauna a dokin ƙofa tana riƙe ciki. Sai da ta ga idonsa ya kawo ruwa ta haɗiye sauran.

Auta ba ta yi dariya ba. Tana tsaye bayan uwarta, ta zuba masa ido.

"Baba, me ka yi wa kanka?"

Ya so ya ce magani ne. Ƙarya ta zo har bakinsa, sai ya ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ajiye rezar ya zauna a kan bokitin nan.

"So na yi ya zama baƙi. Saboda gobe. Don kada ki ji kunya a gaban ƙawayenki."

"Kunyar me?"

"Auta, ai a gabana kika faɗa ranar Talata. Kika ce min Kaka." Ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ban ga laifinki ba. Yarinya kamarki, a ce wannan tsohon ne ubanta."

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ai kai ka ce."

"Ni? Na ce me?"

"Ranar da ka fara kai ni. Malama ta ce jikarka ce, ka ce e. Ina riƙe da yatsanka. Kore ne ranar."

Matarsa ta juyo ta dube shi, irin kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba.

"Na zaci ba ka so a san ni 'yarka ce," in ji Auta. Hawaye ya fara zubo mata, ba ta share ba. "Shi ya sa kake sauke ni can nesa da ƙofa. Sai na ce bari in riƙa faɗin yadda ka faɗa, kada a ce ka yi ƙarya."

"To da suka tambaye ki babanki fa?" uwar ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na ce ya yi tafiya." Ta ja hanci. "Shekara huɗu yana tafiya. Yanzu sun fara cewa wai ko ya mutu ne ake ɓoye min."

Mai Fenti ya sha jin kunya a rayuwarsa, amma duk wasan yara ne a kan ta wannan yammacin. Ta gareji, ta surukai, ta jan gemun da ke fuskarsa, duk kunyar idon mutane ce. Wannan kuwa ba inda zai juya ya ɓoye mata. Kalma ɗaya ya yar don ya huta da murmushin mutanen da bai ma san su ba, 'yar shekara biyar ta tsince ta ta goya shekara huɗu, tana kare masa mutunci da ita. Da a ranar ya gyara, da numfashi ɗaya ya isa. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Ya ji ƙaramin hannu yana zare rezar daga gefensa.

"Kada ka aske," ta ce. "Ban san fuskarka ba gemu ba."

Litinin da safe ya sa fararen kayansa, ya ɗora hula, ya dubi madubi. Hular ta rufe kai, gemun kuwa ba hular da za ta rufe shi. Ya cire ta ya ajiye. Hanyar makaranta ta gaban gareji take bi, kuma Allah ya sa Sifana yana bakin titi yana shan shayi. Ya ga babur ya taho, ya ga abin da ke kan babur, shayi ya sarƙe shi.

"Auduga! Wa ya yi maka fentin ƙasa ya gudu? Ai yanzu ka tashi daga kaka ka koma kakan kaka!"

Mai Fenti ya ɗaga masa hannu bai tsaya ba. Bai kuma tsaya a inda ya saba sauke ta ba. Har bakin ƙofar makaranta ya kai babur ɗin, ya kafe shi, suka shiga tare.

Zauren taron ya cika, kujerun roba layi-layi, fanka ɗaya tana juyawa ɗaya ta tsaya, lasifika tana ƙara tana ɗaukewa. Duk inda ya ratsa sai kawuna su juyo. Ya ji wani yaro ya ce wa uwarsa ta kalli mai kan wuta, ya ji uwar ta make shi. Ya zauna, gumi na bin bayansa, yana kallon takalmansa. Wadda ke kiran sunaye kuwa ba wata ba ce, malamar nan ce ta rajista, ta ƙara jiki ta sa tabarau.

Aka zo kan lissafi, aka kira Auta. Ta fita ana tafi. Malamar ta duba cikin jama'a, ta gan shi, ta ɗan yi turus da ganin kan, sannan ta yi murmushi.

"Ga kakanta nan, kullum shi ke kawo ta. Baba, bisimilla, taso ka wakilci mahaifinta."

Ya tashi. Tsakanin kujerarsa da gaban zauren bai fi taku ashirin ba, amma ya yi masa nisa. Ya isa ya tsaya ya yi magana, hayaniya ta cinye ta.

"Na'am, Baba?" Malamar ta miƙo masa abin magana har bakin jan gemun.

"Na ce ba kakanta ba ne." Muryarsa ta fito ta lasifika da ƙarfin da ya ba shi tsoro. "Ni ne babanta. Ni na haife ta. Ranar da na kawo ta kin tambaye ni, na ce miki jikata ce. Ƙarya na yi. Yarinyar ba ta da laifi."

Wani ya yi 'yar dariya a baya ya katse. Murmushin nan da ya gudar wa shekara da shekaru ya gan shi a fuska biyu ko uku, ya tsaya ya dube shi, bai mutu ba. Malamar ta gyara tabarau ta ce to madalla, Allah ya yi albarka, aka yi tafi a rarrabe. Shi bai ma ji tafin ba. Abin da ya ji, an kama masa ɗan yatsa manuni an riƙe gam.

A hanyar komawa tana bayansa a babur, kyautarta a matse tsakanin ƙirjinta da bayansa. Sun zo inda motoci suka cunkushe, mutane ko'ina, sai ta ɗaga murya:

"Baba!"

"Na'am?"

"Ba komai."

Suka ɗan matsa gaba, daidai wurin masu jiran mota.

"Baba!"

"Na'am, Auta."

"Ba komai."

Har suka isa gida tana kira yana amsawa, bai sake tambayarta ko mene ne ba.